Faci a Kan Faci

A ɗakin baya na maɗaba'ar, tsakanin tarin takardu da injin yanka, nan teburin Auta yake. Ita ke kula da shafin intanet na kamfanin, inda ake sa hotunan littattafan yara da suke bugawa, makarantu su duba su yi oda. Yayanta ne ya gina shafin tun tana 'yar sakandare, a kan wata manhaja da ake yayi a lokacin. Ta cikinta ake shigar da sabon littafi, a gyara bayani, a cire wanda ya ƙare. A wancan zamani, in an tashi daga makaranta, takan zo ta zauna gefensa a kan kwalin takarda, shi yana danne-danne yana yi mata bayanin da ba ta tambaya ba. Da ya samu aiki a wata ƙasa, sai ya bar mata kalmar sirri da kujerarsa mai gurguwar ƙafa, ya tafi.

Duniya ta yi gaba ta bar manhajar a baya. Waɗanda suka ƙirƙire ta sun daina sabunta ta. Dandalin da masu amfani da ita ke haɗuwa suna taimakon juna ya zama kufai. In ka jefa tambaya, masu tallan maganin rage ƙiba ne za su amsa maka. Jama'a duk sun koma waya, shafin kuwa in an buɗe shi a waya, rubutun sai ka ce jerin tururuwa. Auta ta yi ta faci. Ta toshe nan, can ya ɓalle.

Manaja yakan leƙo ya ce, "Auta, wannan tsohon naki, yaushe za a yi masa ritaya?"

"Da sauransa, yallaɓai."

"Haka kika ce bara."

Ta san yana da gaskiya. Amma duk ranar da shafin ya yi gardama, ta samu dalilin kiran Yaya ke nan. In gaisuwa ce kawai, ba sa daɗewa: ya aiki, ya yara, ya jikin Mama, sai ya ce ana jiransa. In kuwa ta ce shafi ya ƙi buɗewa, sai muryarsa ta sake. "Karanto min abin da ya rubuta," zai ce, su yi ta lalube tare, yana tsokanarta da ƙaton kai, tana ramawa, har shayinta ya huce.

Wata safiya saƙo ya zo daga kamfanin da ke ajiye musu shafin. Za su sabunta na'urorinsu, kuma tsohuwar manhajar ba za ta ƙara tashi a kansu ba. Auta ta kira Yaya da rana.

"Wai har yanzu kina fama da abin nan?" ya ce. Tana jin hayaniyar yaransa a bayansa.

Ta tambaye shi inda ya ɓoye fayil ɗin da ke haɗa shafin da rumbun bayanai.

"Wallahi na manta, Auta. Ko kin nuna min ba lallai in gane ba. Ki kwashe kayanku ki koma sabuwa kawai. Ai kin fi ni sani yanzu."

Ta ce to. Bayan ya kashe, ta daɗe tana kallon allon kwamfuta, injin yanka yana ta sara a bayanta.

Kwashe kayan ya ci makonni. Littafi bayan littafi take ɗauka, tana daidaita hotunan da suka karkace. A nan ta riƙa cin karo da hannun Yaya a wuraren da ta daina lura da su. In ka manta ba ka sa hoton bangon littafi ba, tsohuwar manhajar takan ce, "Haba dai, tsirara za a kai shi kasuwa?" Shi ya rubuta wannan, tana zaune a gefensa ranar. Sabuwar kuwa cewa take, "Da fatan za a cike wannan gurbi." Auta ta nemi inda za ta canza kalaman, ta samu, ta fara rubuta nasa, sai ta goge. A can ba su yi kama da shi ba.

Sabon shafi ya tashi lafiya. Manaja ya zagaya da wayarsa yana nuna wa masu ɗinkin littafi, har da wanda bai damu ba. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, babu abin da ya lalace.

Wata ranar aiki, lokacin hutun rana, ta fita bakin ƙofa inda ake sauke takardu, ta kira Yaya.

"Me ya faru kuma?" ya ce.

"Ba komai."

"Shafin fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Ta cikin wayar ta ji ƙarar kujera, da wata ƙofa da aka rufe.

"To, ina jin ki," ya ce.

Ba ta shirya abin faɗa ba. Ta ce masa rufin ɗakin Mama ya fara yoyo ta wajen taga, ya ce tun yana gida wurin yake yi. Ya ce ƙaramar 'yarsa ta yi giɓi, ta ce ya turo hoto. Daga nan maganar ta ƙare musu, amma babu wanda ya kashe wayar, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har motar takarda ta iso direba ya yi mata hon ta matsa.