Manna, Salwa da Daddawa

Malam Kabo ya zo aikin hajji daga Kano ya ƙi komawa, shekara da shekaru ba shi da takardar zama. Da ƙyar ya samu koyarwa a wata 'yar makarantar jeka-ka-dawo a unguwar Mansur da ke Makka, ita ma ta gwaji. Ranar da mai makarantar, Alhaji Abdulganiyyu, haifaffen Makka, zai zauna a ajinsa ya ga ko za a riƙe shi ko a sallame shi, darasin tarihin Bani Isra'ila ne, ga yara 'yan shekara sha biyu zuwa sha uku.

A hanya ƙaddara ta haɗa shi da wata hajiya sabuwar zuwa daga gida, tana sayar da daddawa. Rabon Kabo da miyar kuka ta gaskiya har ya manta. Ya saya ya cusa a aljihun riga, wai kafin azahar ba abin da zai faru. Mutum da iliminsa, ya manta da zafin Makka.

Ya fara darasi tiryan-tiryan: yadda Annabi Musa ya fito da mutanensa daga Masar, ana saukar musu da manna mai zaƙi kamar zuma da tsuntsayen salwa, amma suka ce su albasa da tafarnuwa suke marmari. Nan Kabo ya ɗaga murya don Alhaji ya ji, wai wannan kwaɗayi ne, mutum yana cikin ni'ima ya tsaya tunanin kayan miya. Yana magana yana zufa, aljihu kuma yana nasa bayanin. 'Yan layin gaba suka toshe hanci, ƙudaje suka bar taga suka dawo kansa.

Wani yaro, Mukhtaru, ya ɗaga hannu. "Ya ustaz, ɓera ne ya mutu a aji?"

Kabo ya san asiri ya tonu. Ya zaro ƙunshin ya ajiye a kan tebur, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ku bar abin da na faɗa ɗazu," in ji shi. "Mutanen nan kewa ce ta kama su. Ga ni kusa da Ɗakin Allah, amma kullum miyar gidanmu nake mafarki."

Alhaji ya taso, Kabo ya fara tunanin inda zai nemi dako. Sai Alhaji ya ɗauki ƙunshin ya daɗe yana shinshinawa, idonsa ya ciko. Ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, tun da ta rasu bai ƙara jin wannan ƙamshin a gidansu ba.

"Tayyib, shi ke nan, Malam, aji naka ne."

Ya jefa daddawar a aljihunsa ya fice, ko ƙwaya ɗaya bai bari ba. Aiki dai ya samu, amma har aka tashi Malam Kabo ƙofa yake kallo.