Gurnanin Farfela

Karo na uku ke nan Tsoho yana kwance notocin da ya ɗaure da safe. Yana rigingine a ƙarƙashin motar, bisa wani yagaggen kwali, ya manna ma'aunin kwana a jikin aksil ɗin gaba, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya jira allurar ta daina rawa. Digiri biyar. Ya san abin da zai gani ke nan, amma ya sake dubawa, don tun ranar da aka jawo motar nan garejinsa bai ƙara yarda da idonsa ba.

Akori-kurar babban ɗansa ce, kuma a cikinta ya rasu wata bakwai da suka wuce. Sana'arsa ɗauko kaya daga gonakin da hanyarsu ta fi ƙarfin ƙananan motoci, shi ya sa ya matsa wa uban lamba sai da ya ɗaga masa ita inci shida. To, mota in an ɗaga ta, rigima ta shigo gida. Ka juya aksil ya ɗaga hanci ya dubi farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, mota za ta yi tsit, amma sitiyari ya saki, ya riƙa yawo a hannu. Ka kwantar da shi baya, sitiyari ya kama hanya, yana dawowa tsakiya da kansa bayan kowace kwana, sai farfela ta hau gurnani tana girgiza mutum har cikin ƙashi. Ba a samun duka biyun. Tsoho ya shekara arba'in yana faɗa wa masu mota haka, yana kuma zaɓar musu sitiyari ko sun ƙi ko sun so.

Sau ɗaya tak ya sauya. Marigayin ya yi ta zuwa yana tsokanarsa, wai girgizar motar ta kusa zubar masa da haƙora, wai direbobi na tambaya ko da gaske ubansa bakanike ne. Tsoho ya yi dariya, amma maganar ta ci shi, don mutum ne da ba ya son a ji ko tari a motar da ta fita daga hannunsa. Ya saka siririn weji, ɗan ƙarfe mai gefe ɗaya kauri, tsakanin aksil da sifirin, ya sauko da kwanar zuwa digiri ɗaya. Mota ta yi luf. Har alfahari ya yi a gaban maƙwabta. Kwana goma sha tara bayan haka taya ta faɗa rami a wata gangara, sitiyari ya ƙwace daga hannun ɗan nasa.

Mutane sun ce gudu ne, wasu suka ce birki. Tsoho ne kaɗai ya shiga ƙarƙashinta da ma'auni, ya tarar da wejinsa daram, ko gezau bai yi ba, aikin gwani. Ya cire shi ya jefa a aljihu, kuma har yau a nan yake kwana. Bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, ba wani abu ba.

Da rana ta take, surukarsa, matar marigayin, ta kawo masa abinci a rufe. Ta ajiye a kan benci, ta tsaya tana shafa sabon fentin ƙofar direba. Ta ce hankalinta a kwance yake tunda shi ke gyaran, don mai gidanta kullum cewa yake babu hannu irin na Baba. Tsoho ya amsa daga ƙarƙashin mota, bai fito ba. Abincin ya huce a inda ta bar shi.

Auta ne zai gaji motar. Mutum ne mai gemu da 'ya'ya biyu, ga marayu uku na yayansa sun dawo wuyansa, kuma ya riga ya ajiye aikin tuƙin da yake yi a wani kamfani saboda jigilar gonakin. Jibi zai fara. Da la'asar ya zo, ya karɓi makulli ya fita gwaji, Tsoho na tsaye a bakin gareji yana jin gurnanin farfela har motar ta sha kwana. A kunnensa babu sauti mai daɗi kamarsa.

Bai yi minti ashirin ba ya dawo. Ya sauko yana yarfa hannuwa, ya ce madubi ma rawa yake, ba a ganin komai a ciki. Tsoho ya tambaye shi sitiyari fa. Ya ce sitiyari lafiya lau, amma wa zai yi wuni guda a cikin injin niƙa.

"Haka za ka tuƙa ta," in ji Tsoho.

"Haba Baba. Lokacin Yaya ko numfashinta ba a ji. Kai ka gyara ta, da idona na gani." Ya sassauta murya, abin da ya fi zagi ciwo. "Ka gaji ne kawai. Ba laifi ba ne."

Tsoho ya so ya karɓi wannan. A ce ya tsufa, a ce hannunsa ya mutu, duk da sauƙi, zai iya ɗauka har kabari. Ya gyaɗa kai, ya fara tattara sifanu.

Sai Auta ya ce kada ya damu, gobe da sassafe zai leƙa da ita sabon garejin nan na bakin titi, masu na'ura. Ya riga ya yi musu bayani a waya, sun ce aikin awa ɗaya ne, ɗan weji kawai za su saka ta yi shiru.

Tsoho ya tsaya da sifana a hannu. Ya san za su iya. Ya san kaurin wejin, ya san inda za su saka shi, ya san yadda Auta zai fito yana murmushi yana yaba musu.

Ya ajiye sifanar. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙarfen, wanda yatsunsa suka goge har yana ƙyalli, ya ɗora a kan bonet. Auta ya dubi ƙarfen, ya dubi uban.

"Je ka kira matar yayanka."

"Ai ta koma gida tun ɗazu. Mene ne? Faɗa mini, na isar mata."

"Kira ta," in ji Tsoho, ya zauna a kan benci kusa da kwanon da bai buɗe ba. "Sau ɗaya zan iya faɗa."