Tsinken Tsintsiya a Bayan Rauta

"Sau uku ke nan, Hafizu! Uku!" Baffa Babayo ya turo min wayarsa har gaban hanci. Allon baƙi ƙirin. "Ina ragunan nawa?"

"Suna can bayan gidan nan, Baffa. Kana jin kukansu."

"Kar ka raina min hankali. A waya nake son ganinsu!"

Ƙanin babana ne. Raguna tara yake turka wa layya a gidansa na Gwallaga, yana kuma son ya riƙa leƙensu daga shagonsa na atamfa a Wunti. Ni na ɗaura masa kamara a wajensu. Ni na shiga saitin rauta, akwatin intanet ɗin gidan, na buɗe wa kamarar ƙofa, yadda in wayarsa ta nemo gida daga waje, rautar za ta miƙa ta ga kamara kai tsaye. Ya yi alkawari in abin ya tsaya, zai haɗa ni da 'yan layinsu, shago shida, duk kamara suke so. Tun da na gama sakandare ba a taɓa yi min maganar aiki irin wannan ba.

Na buɗe saitin. Wayam. Ƙofar da na buɗe babu ita, har sunan da na sa wa rautar ya koma na kamfani.

"Wani yana goge min aiki," na ce.

Babban ɗansa, Fakhruddeen, yana kishingiɗe a kujera. Digiri gare shi a aikin gona, don haka a gidan nan shi ne likita, shi ne lauya, shi ne injiniya.

"Ba mai goge maka komai, ƙane," ya ce. "Ni ma nake taimakonka. In netwok ya yi nauyi, sai in ɗan wartsake ta."

"Ta yaya, Hamma?"

Ya tashi, ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya cusa a ɗan ramin da ke bayan rautar, ya danne har fitilun suka mutu. Yana murmushi.

"Wannan ramin komai yake sharewa," na ce. "Komai."

"Ji shi. A ina ka karanta? A shagon cajin waya?"

Baffa ya dube shi, ya dube ni. Bai daɗe yana auna mu ba.

"Yaron da ya yi shekara biyar a jami'a ne bai san rami ba? Kai dai ka ce abin ya fi ƙarfinka." Ya latsa waya, ya kira wani mai haɗa kamara. "Lucky? Kana shago? Ka zo gida ka duba min kamara. Akwai wasu shida ma a Wunti, ma yi magana."

Na naɗe wayoyina na zuba a jaka. Fakhruddeen ya koma kujerarsa, yana sakace da tsinken.

A bakin ƙofa na juyo.

"Baffa, in Lucky ya gyara, Hamma ya sake wartsake ta, wa za a ce bai iya ba?"