Tekun da ke Falon Kyaftin

"Riƙe bokitin da kyau, Tela," in ji Maman Auta.

Na riƙe. Ta tuttula ruwan gishirin da muka dama a cikin akwatin gilashin, har ya kai layin da mijinta ya zana a gefe. Muka ja baya muna kallo ko za mu ga canji. Ina! Kifayen sun maƙale a bayan duwatsu suna haki, murjanin kuwa duk ya tsuke.

Ni tela ce, ƙofata tana kallon tasu a saman bene. Mijinta shi ne Kyaftin, mutumin da bai taɓa taka jirgin ruwa ba. Yankan gilashi ne sana'arsa, tagogi da madubai. Mutanen bene suka laƙaba masa sunan saboda tekun da ya haɗa da hannunsa a falo, akwatin da ya cinye bango guda. Ni da a wuyan mata kawai na san murjani, a gidansa na gano ashe rai gare shi. Wani kore, wani ruwan hoda, wani kamar yatsu, wani yana kaɗawa kamar ciyawa. Kifaye masu launin da ko a shagon yadi ban taɓa gani ba suna ratsawa a tsakani. Sai dai fa kallo kawai. Ko matarsa ta miƙa hannu, sai ya ce, "A'a, Maman Auta, da ido ake yi."

To ga shi ciwo ya kayar da shi. Ya daɗe a asibiti, daga baya suka ce a kai shi gida a kula da shi, kowa kuma ya gane nufinsu. Yana kwance a ɗaki, abinci ba ya shiga, amma kullum tambayarsa ɗaya ce, yaya murjaninsa. Ita kuma ta ce lafiya lau. Wallahi tausayi take ba ni, don tun yana asibiti take hidima da akwatin nan, abin kuma sai lalacewa yake yi. Tsoronta kada ya bar duniya da sanin aikin rayuwarsa ya mutu a hannunta.

Muna tsaye sai ga muryarsa daga ɗaki.

"Maman Auta! Ku zo ku fitar da ni."

"Ka huta mana, Baban Auta, likita ya ce..."

"Likita ba ya nan. Na gaji da jin labari, ina so in gani."

Ta kalle ni, idonta ya cika. Babu yadda muka iya, na sauka na kira Direba da ke ƙasanmu, ya ɗauko shi ya zaunar a kujera. Mutumin da ke hawa bene da gilashin taga a kafaɗa, yau Direba ya ɗauke shi ko nishi bai yi ba.

Kyaftin ya daɗe yana kallo. Ba ka jin komai sai ƙarar injin da ke juya ruwa. Can ya ce a ɗiga masa ruwan a yatsa. Ya lasa, ya yamutsa fuska. Ya sa aka ɗauko masa ma'aunin gishiri, wani ɗan bututu da ake leƙawa da ido ɗaya, ya ɗiga ruwa ya leƙa.

"Maman Auta, idan ruwan ya ragu, me kike ƙarawa?"

"Ruwan gishiri mana, yadda na ga kana damawa. Ko cokali ban taɓa ragewa ba."

Ya rufe ido. Na ce yau za a yi ta. Sai kawai kafaɗunsa suka fara girgiza, ashe dariya yake yi, har tari ya sarƙe shi.

"Maman Auta, in miyarki ta tsotse a kan wuta, gishiri kike ƙara mata ko ruwa?"

Ta sulale ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Ni nake kashe su ashe."

"Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Wanda kika ga ina damawa na ranar canjin ruwa ne, in na ɗebe tsoho. Yi shiru haka nan. Da ba ki ƙara ba ma, da tuni injin ya sha iska ya ƙone. Wa ya taɓa nuna miki? Ni ne nake korar ki kullum."

Ni kuma da bakina ba ya zama, na ce, "To ai da sauƙi, a kwashe rabi a cika da ruwan famfo."

"Tela, ki tsaya a kan almakashinki," in ji shi. "In kika yi haka, kafin yamma kin gama da su. A hankali gishirin ya hau, a hankali zai sauka. Tataccen ruwa, na cikin shuɗiyar jarka. Ki ɗebe kofi, ki zuba kofi, ki bar su su huta."

"Har yaushe?" ta tambaya.

"Zai ɗauki kwanaki."

Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa.

Ranar aka dawo da gadonsa falo. Ni ma na kwaso ɗinkin hannuna na tare a can, don kada a bar ta ita kaɗai. Abin da na gani a kwanakin nan ba zan manta ba. Yana kwance yana nuni da yatsa, ita tana aiki. Ya koya mata goge gilashi, da leƙa ma'auni, da yawan abincin da za ta barbaɗa.

"Ya yi yawa! So kike su yi tumbi?"

"Kai dai rowa gare ka, har kifi bai tsira ba."

"Wancan rawayan fa ki sa masa ido, mugu ne, yana hana ƙananan ci."

"Halin wani na gani."

Sai su yi dariya, ya yi tari, ta ba shi ruwa. Wasu daga cikin murjanin sun riga sun yi fari fat, ya ce ta cire su kada su ɓata ruwa, ya kau da kai lokacin da take cirewa. Sauran suna nan a tsuke, ba su mutu ba, ba su kuma buɗe ba. Kullum da safe ta leƙa ma'auni ta gaya masa gishirin ya ɗan sauka, ya ce madalla, a ci gaba. Muryarsa ita ma kullum sauka take yi.

Wata rana da la'asar ina kalmasa bakin zane, ita tana kan ɗan benci da kofi a hannu.

"Baban Auta, ka ga rawayan nan ya fito yau. Har ya fara muguntar tasa."

Shiru. Ta juyo. Fuskarsa tana kallon gilashin, idonsa a buɗe, shuɗin hasken fitilar akwatin yana kwance a kumatunsa. Allura ta faɗi daga hannuna. Ta sauko a hankali ta ajiye kofin, ta rufe masa ido da hannunta da ke jiƙe. Ni ce ma na fara kuka. Allah ya jiƙan Kyaftin, mutumin kirki ne.

Falo ya cika da masu gaisuwa. Ƙanwarsa ta ce a kashe injin nan a rufe akwatin da zane, ana zaman makoki abu yana ta gurnani. Maman Auta ta ce ba za a taɓa ba. Ana cikin yi mata gaisuwa sai ta ce a yi mata haƙuri, ta tsallake ƙafafun mutane, ta ɗebe kofi ta zuba kofi, ta dawo ta zauna. Na ji wasu mata suna ƙus-ƙus, wai miji ya mutu ita ta kifi take yi. Na harare su har suka yi shiru. Auta, ɗansu da ya zo daga inda yake aiki, ya ce zai kira mai shagon kifi ya kwashe komai don ta huta.

"Babanka ya bar min aiki ban gama ba," ta ce. Bai sake tayar da maganar ba.

Baƙi suka watse, Auta ya koma. Wata safiya na shiga na tarar da ita tsaye, ma'auni a ido, kofi a ɗaya hannun. Na leƙa akwatin, sai da na dafe ƙirji. A gefen wani dutse da rabinsa ya yi fari, ƙananan kawuna kore sun fito cunkus suna kaɗawa. Masu kama da yatsun ma sun miƙe.

"Yaya, sun tashi! Kin ga?"

"Na gani." Ta sauke ma'aunin. "Gishirin ya kai inda ya ce, Tela. Ba sauran ɗiba."

Ta duba kofin, ta duba falon, ta rasa inda za ta ajiye shi. Sai ta ja kujera gaban gilashin ta zauna, ta rungume shi a cinya, a lokacin ne kukan ya zo mata. Na zauna kusa da ita. Kifayen suka taru a ɓangarenta suna jiran abinci.