Jikin da Aka Ɗinka wa Yagana

Hoton ya iso Tanut a shekarar da fari ya cinye dabbobi. Alhaji Yahuza mai kantin atamfa ya manna shi a bakin ƙofarsa, wani babba kamar tabarma: mace tsaye cikin atamfa mai ruwan ganye, ƙugu cike, ƙirji cike, ciki a shafe, ga wuya siriri da ƴar fuska kamar ta budurwa. An rubuta sunanta a ƙasa, Yagana. Mutanen da suka yi wata da watanni suna cin jar dawar taimako suka riƙa tsayawa suna kallonta baki buɗe, ba wanda ya tambayi kansa ko Allah ya taɓa haɗa wannan ƙugu da wannan wuya a jiki guda.

A ƙarƙashin hoton, cikin wani gwangwanin alewa, Alhaji yana ajiye ƙwayoyi farare ƙanana. Duk matar da ta sayi zane sai ya rage murya ya ce, “Ita ma wannan take sha.”

Raishatu tela ta san ƙarya ce, don da hannunta ta ɗinka wannan jiki. Shekara uku da suka wuce, tana koyon ɗinki a Damagaram, Alhaji ya kawo wa mai koya musu ɗinkin wani aiki na sirri: riga da ɗan zane na ciki masu aljihuna, a cika su da audugar rimi. Raishatu ce ta cusa audugar, ita ta ɗaura wa Yagana, wata ƴar Barebari doguwa wadda ake iya ƙirga haƙarƙarinta. Da hoton ya zo Tanut ta faɗa a gidan biki, ta faɗa a bakin rijiya. Aka yi mata dariya. Aka ce hassada ce irin ta ramammu, wai ƴar lakwal, wato ƴar boko, ta rasa nama a jiki shi ya sa take ɓata na wasu.

Wadda ta fi ƙin yarda da ita kuwa ƙanwarta ce, Bintu.

Mijin Bintu, Jibo, ya shiga fari da raƙuma da awaki, ya fito da igiyoyinsu kawai. A ƙasar Damargu kuwa, inda Tanut take, jikin mace shi ne shaidar mijinta. In ta yi ƙiba an ce yana riƙe ta da kyau, in ta rame an san abin da ke cikin rumbunsa. Matan unguwa ba su taɓa cewa Jibo ya talauce ba, sai dai su kama damtsen Bintu su ce, “Ayya, ko za ki zo gidanmu ki ɗan kwana biyu?” Bintu ta fara shan ƙwaya ɗaya a rana, ta koma uku. Fuskarta ta kumbura har idanunta suka shige, wani tudu ya fito mata a bayan wuya, ƙafafunta kuwa suka zama kamar karan dawa. Ƙishirwa ba ta barinta, ƙaramin ƙurji ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa wata biyu.

Raishatu ta ja ta zuwa gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya juya ƙwayar a tafin hannunsa ya ce maganin masu asma ne mai ƙarfi, ba abinci ba ne. Ya ce in ta ci gaba ba za ta ga wata damina ba, kuma ba a yanke shi dare ɗaya, sai ta riƙa zuwa yana rage mata da kaɗan-kaɗan. Bintu ta ce to. Suna fitowa ta gyara mayafi ta ce, “Yaya, shi majon nan ya taɓa ganin matarsa an kama mata damtse a gidan suna? Fuska ta riga ta karɓa, saura ya sauka ƙasa. Alhaji ya ce haka ya yi wa Yagana.”

“Na ce miki auduga ce! Ni na cusa ta!”

“To, mun ji.”

Ba ta koma wurin majo ba.

Da kaka ta yi, gero ya samu bayan dogon rashi, aka fara ɗaure-ɗauren aure, Alhaji ya sa aka yi shela: ranar kasuwa Yagana da kanta za ta zauna a kantinsa da sabuwar atamfa, kowace mace ta zo ta gani da idonta. Kwana uku kafin ranar, ya aika a kira Raishatu. Ta same shi a ɗakin ajiya na bayan kanti, tsohon kayan cikin nan yana shimfiɗe a kan dila. Audugar ta dunƙule, gefe guda ya fi gefe tudu.

“Ƴata, ke kika san kan abin nan,” in ji shi yana murmushi. “Ba na son tela na biyu ya gani. Na ji kina ta surutu a gari, amma ai kin ga ba wanda ya saurare ki. Gyara shi, mu rufa wa juna asiri.”

Raishatu ta dube shi. Ko kunyar idonta bai ji ba. Ya san Bintu, ya san fuskarta ta da, shi yake miƙa mata ƙwayar da hannunsa.

“Ranka ya daɗe, audugar ta mutu,” ta ce. “Sai dai sabo.”

“Yi yadda kika ga dama, in dai ya cika ido.”

Ba ta nemi auduga ba. Auduga ko an farke ta tana nan maƙale. Ta je masussuka ta ɗebo ƙaiƙayin gero buhu guda, ta tankaɗe, ta ninka yadin ciki biyu don kada ya ci jiki. Gindin kowane aljihu kuwa ba ta bi shi da keke ba. Ta yi masa ɗinkin bakin buhun dawar taimako, wanda kowace mace a ƙasar nan ta koyi kwance shi a layin rabo: ka kama zaren da ya dace ka ja, ya zare daga farko har ƙarshe. Ta haɗa aljihunan duka a zare guda, ta bar bakinsa a baya.

Da safiyar kasuwa aka shigar da Yagana ɗakin ajiya ta ƙofar baya, lulluɓe. Ta ƙara ramewa. Tana ɗaga hannu ana ɗaura mata kayan sai ta shafa gefen, ta tsaya.

“Ke, wannan ai ɗinkin buhu ne.”

Raishatu ba ta musa ba. Ta gaya mata labarin Bintu a gajarce, har da ƙurjin ƙafa.

“Shekara uku ina yawo cikin katifar nan,” in ji Yagana. “Agadas, Tasawa, har Ingal, cikin zafi. Bayana duk ƙuraje ne. Ko fura Alhaji ba ya bari in sha a gaban mutane, wai kada a ga hannuna.” Ta juya mata baya don ta ɗaure igiyar. “Ni ban ga komai ba. Amma in za ki ja, ƴar'uwa, ki bari sai ya rantse. Kullum sai ya rantse.”

Kafin azahar gaban kantin ya cika. Matan gari, matan Abzinawa da suka sauko daga wajen Tarka da baƙin mayafi, ƴan Fulani da ƙoren nono a ka, har da mazan da suka yi kamar hanya ce ta biyo da su. Aka ɗora Yagana a kan benci a inuwar rumfa, Raishatu tana bayanta a matsayin mai gyara mata zane. Ta hango Bintu can gaba, ta dafa ginshiƙi don ƙafafunta ba sa ɗaukarta da daɗewa, tana kallon ƙugun nan kamar mai kallon ruwa.

Alhaji ya ɗaga turmin atamfa ya yabe shi, ya yabi Yagana, sannan ya ɗauko gwangwanin ya girgiza. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ɗaga murya.

“Alhaji, jikata ta sha, fuska kawai ta hau kamar ƙullun waina. Ina sauran?”

Aka yi dariya. Alhaji ya ɗaga yatsa sama.

“Haƙuri ne ba ta da shi, Inna. Wallahi tallahi, na rantse da Wanda ya kai ni Makka, duk abin da kuke gani a jikin yarinyar nan ƙwayar nan ce ta yi shi!”

Raishatu ta naɗe zaren a yatsa ta ja.

Ya zare da wani ɗan sauti, zirrr, ya fito tsawon kamu shida a hannunta. Ƙaiƙayi ya fara zubowa daga ƙarƙashin zanen, da farko siriri, sannan ya ɓarke kamar an buɗe rumbu. Ya rufe ƙafafun Yagana, ya malalo daga kan benci zuwa kan takalman Alhaji. Ƙugun dama ya sauka, na hagu ya bi shi, ƙirjin ya lotse. Yagana ta riƙe bakin zanenta da hannu biyu ta tsaya cak, ga rigar tana reto a jikinta kamar an rataye ta a ƙusa.

Wata akuya ta kutso tsakanin ƙafafun mutane ta fara cin ƙaiƙayin.

Daga nan aka fashe. Wasu na dariya har suna riƙe ciki, amma matan da ke gaba ba dariya suke ba. Tsohuwar mai daddawa ta ce, “Da Makka ka rantse! Da Makka!” Wata ta kwance bakin zane ta jefe shi da ƙullin ƙwayarta, ta same shi a goshi. Wata ta bi. Alhaji ya durƙusa yana tattara ƙaiƙayin da hannu yana turawa ƙarƙashin benci, kamar in ya ɓoye shi za a manta. Hularsa ta faɗi ciki. Raishatu ta zagayo gabansa ta saki zaren a kan kafaɗarsa.

“Ka ce ba wanda ya saurare ni, ranka ya daɗe. Yanzu kai yi magana mu ji.”

Bai ɗago ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ba ta ji tausayinsa ko na ƙwayar gero ba. Wani ya riga ya kama hoton ƙofar yana yage shi.

Ta sami Bintu zaune a ƙasa gindin ginshiƙi. Ba ta kuka. Ta ɗebi ƙaiƙayin da ya gangaro wurinta tana murza shi a tafin hannu.

“Wata tara, Yaya,” ta ce. “Wata tara ina jira ya sauko.”

“Tashi.”

“Fuskata za ta dawo?”

“Ban sani ba. Majo zai faɗa mana. Tashi kafin ya tafi cin abinci.”

“To Jibo fa? In na koma yadda nake, me za su ce da shi?”

Raishatu ta nuna mata taron da haɓa. Matar da ta fi kowa kama damtsen Bintu tana can tana ɓoye nata ƙullin a bayan zane.

“Su ce. Yau dai kowa ya ga abin da ke cikin rumbun kowa.”

Bintu ta kwance ƙullin ƙwayarta za ta wurgar, Raishatu ta riƙe hannunta.

“A'a, riƙe. Ya ce ba a yankewa dare ɗaya. Shi za ki miƙa wa, ya ƙirga miki.”

Ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarta ta ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Suka ratsa ta bayan rumfunan masu gishiri suka nufi gidan likita, suna tsayawa duk bayan ƴan taku don Bintu ta huta ƙafa.