Abin da Baba Ya Ce a Rubuta

Ranar Litinin Manaja ya dire mata kwali a kan tebur ya ce, "Sakatariya, ga aiki. Laftof ɗin ofishin nan duk sun tsufa, an ce wannan zai iya maye gurbinsu, ga shi da araha. Ki yi mako guda kina aiki da shi, ki rubuto min ra'ayinki. In ya ci jarrabawarki, ya ci ta kowa."

Tabulet ne siriri, da kibod ɗinsa da ake mannawa a cire, maganaɗisu ke riƙe da su. Kafin a tashi aiki 'yan ofis sun raɗa masa suna Faranti, har direba na cewa a ara masa ya kai wa baƙi shayi. Ta yi murmushi don ta ga ana dariya. Wata huɗu ke nan haka take yin komai, in ta ga ana ci ta ci, in an gaishe ta ta amsa, tun ranar da Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Shekara ashirin da biyu tana buga takardu. A tafireta ta koya, wurin wata malama da ke rufe wa ɗalibai hannu da tsumma, wadda ta leƙa ta sha rula. Shi ya sa har yau ba ta kallon yatsunta, ba ta kallon abin da ke fitowa, bakin mai magana kawai take kallo. Magana kuma daga kunnenta take zarcewa yatsu, ba ta yada zango a ka. Ta taɓa buga takardar sallamar wadda suke zama tebur ɗaya, ba ta san me ta buga ba sai da ta ji matar na kuka a baranda. Manaja yana son wannan hali nata ƙwarai, yakan ce ita rijiya ce, abin da ya faɗa ba ya fitowa. Ita ma ta ɗauke shi yabo.

Kwana uku tana gwada Faranti, tana rubuta abin da ta gani. Ba nauyi, yana shiga jakar hannu. Batir yana kai wa la'asar. Madannan sun matsu, ƙaramin yatsanta sai ya riƙa zamewa ta gefe. In aka buɗe masa takarda uku a lokaci guda sai ya tsaya tunani kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa. Araha dai ba ta ado, amma a kan tebur yana zama daram, yana yin abin da aka sa shi. Abu ɗaya ne ba ta gwada ba, ɗora shi a cinya, don a ofis ba a rasa tebur.

Ranar Alhamis da safe ita ke jinya, sai ta tafi da Faranti asibitin da Baba ke kwance ko ta rage aiki. Kafin ta zauna ta leƙa taga. Motar Yaya na nan gindin bishiyar da take tsayawa kullum.

Su biyu ke nan Baba ya haifa, Yaya da ita, Auta. Baba direba ne, tuƙi ya yi har ya tsufa, kuma da idonsa ya fara hazo bai yarda ba, sai da ya goge katangar maƙwabta sau biyu. Ranar da Yaya ya sa hannu ya zare makullin mota daga aljihun rigarsa, a gaban mutane, Baba ya ce, "In ka sake taka inda nake, ban yafe ba." Shekara shida ke nan. An yi roƙo, an turo manya, Baba ya kafe. Yaya kuwa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, bai rage mata ko wasali ba. Tun da aka kwantar da Baba, kowace safiya sai ya zo ya ajiye mota, ya kira ta a waya. "Ya ya kwana? Ya yi maganata?" Ta ce bai yi ba. Ya ɗan jima a zaune, ya ja motarsa ya tafi aiki.

"Auta."

Ta juyo. Rabon da ya kira sunanta ya fita tas ta manta. Idonsa a buɗe, yana kallon abin da ke hannunta.

"Na'am, Baba."

"Wannan abin... yana rubutu?"

"Yana yi."

"Rubuta wa yayanki."

"Baba, yana nan waje. In kira shi a waya ka gaya masa?"

Ya girgiza kai da ƙyar. "Maganar waya iska ce. Rubuta."

Ɗan teburin gefen gado ya cika da kwalaben magani da fulas da kofuna, ba ta tsaya kwashe su ba, kada ƙofar da ta buɗe ta rufe. Ta manna kibod, ta ɗora a cinya. Ya fara, ta buga, ta saci kallo sau ɗaya ta ga rubutu na hawa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, kalmomin suna fitowa a karkace, sai ta ja kujera ta matsa, ta sunkuya, ta kafa wa leɓɓansa ido. Daga nan aiki ya karɓe ta. Yatsu na gudu, in ya tsaya su tsaya, in ya yi tari ta goge masa baki ta koma. Hawaye na bin kuncinsa na dama, amma wannan idon tun da ya faɗi yake zubar da ruwa, ko ana hira ko ana shiru.

Ya yi kusan minti ashirin. Sannan ya ce, "Shi ke nan. Ki ba shi a hannu." Ya rufe ido, barci ya ɗauke shi.

Sai a lokacin ta sauke kai.

*Zuwa ga ɗana. Ranar da ka karɓi makullin*

Iyakar abin da ke kai ke nan. Ƙasan wannan layin fari fat. Ta ɗaga Faranti ta duba, ta ga 'yar rata tsakaninsa da kibod, ba ta fi kaurin farce ba. Lokacin da ta ja kujera ne ya goce, bai yi ƙara ba, bai nuna wata alama ba, madannan kuma suka ci gaba da lotsawa ƙarƙashin yatsunta kamar ba komai. Ta danna shi, ya koma mazauninsa, ƙas. Ta nemi abin da aka goge, ta buɗe nan ta buɗe can. Ba a goge komai ba, don ba a rubuta komai ba.

Ba ta ji tsoro ba, kuka bai zo ba. Abin da ta ji kawai shi ne cinyarta ta yi tsami.

Ta taɓa kafaɗar Baba. Nas ta ce a bar shi ya huta, ya gaji. Ta je wurin matar da ke jinyar mijinta a gadon gefe ta ce, "Baiwar Allah, don Allah kin ji abin da mahaifina ya ce ɗazu?"

"Ai da na ga maganar gida ce sai na ba ku wuri," in ji matar. "Shi kuwa maigidan nawa ko ganga aka buga ba ya ji."

Ta dawo ta zauna, ta rufe ido, ta shiga lalube. Ta tuna leɓensa na ƙasa ya tsage a tsakiya. Ta tuna sau ɗaya ya ɗaga hannun hagu ya sake shi. Kamar ya ambaci mahaifiyarsu, ko kuwa jiya ne cikin barci? Ta ɗora yatsu a kan madannan ta jira, ko su sun riƙe wani abu. Suka zauna a layinsu na tsakiya, shiru, suna jiran a yi magana.

Wajen sha ɗaya numfashin Baba ya sauya, yana ja da nisa kafin ya sake. Likita ya zo ya duba, ya haska idonsa, ya kira sunansa sau biyu. Ya ja ta gefe ya ce, "Duk wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi yanzu."

Motar ba ta tafi ba. Yau ce rana ta farko da ba ta ɗaga wayarsa da safe ba, shi ya sa ya zauna. Ta tsaya bakin taga ta kira shi a waya.

"Auta, lafiya? Tun ɗazu nake kira."

"Likita ya ce a kira mutane."

Ya ce, "Ya yi maganata?"

"Ya yi. Ya sa na rubuta maka wasiƙa."

Ya ce, "Karanta min."

"Ba ta hau ba, Yaya. Abin ya goce, ban lura ba."

"To ba komai, ba komai, ai ke kina wurin. Me ya ce? Ya ce in shigo?"

Kalma biyu ce za ta faɗa, ka shigo, ta sani, kuma ba mai ƙaryata ta. Amma in Baba ya buɗe ido ya gan shi, alhali abin da ya faɗa ba shi ke nan ba, Yaya ne zai ɗauki wannan kallon har ƙarshen ransa. Ita kuma tunda take ba ta taɓa ƙara harafi a maganar da ba a faɗa ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba.

"Ban ji ba, Yaya," ta ce. "Bugawa nake yi."

Tana kallo ƙofar motar ta buɗe. Ƙafa ɗaya ta sauko ta taka ƙasa, ta tsaya a nan. A bayanta Baba ya ja numfashi, ya daɗe bai sake ba, sannan ya sake.

"Auta," in ji Yaya, muryarsa ta koma ta yaro, "don girman Allah ki sake tunani."

"Ina yi," ta ce.

Tana yi ɗin. Babu komai a wurin.