Ƙofar Jirgin Terna

Na daɗe da yin ritaya aka sake kirana ofishin tashar jiragen kamun kifi. Manhajar da ke karɓar saƙon jirage ni na rubuta ta, ga shi za a mayar da ita kan sabuwar kwamfuta mai wani tsari daban. Kowane jirgi yana da ƙofarsa a ciki, soket muke ce mata. Tsohon tsarin ba ya tambayar ko jirgi yana nan. In jirgi ya buɗe ƙofa, a buɗe take sai ranar da ya rufe da kansa.

Ina cikin sauya umarnin buɗewa da rufewa na ga ƙofar jirgin Terna a buɗe. Terna kuwa ya nitse tun hunturun bara waccan, da ɗan Eilif a ciki. Eilif shi ne shugaban tashar, tare muka yi firamare.

Ya shigo da kofi da burodi mai cuku, ya dubi allon, bai yi mamaki ba. Ashe kullum da safe sai ya leƙa ƙofar. Na gaya masa ranar da aka kashe tsohuwar kwamfuta duk ƙofofin za su mutu, jirage su sake buɗe sababbi, ban da wanda ke ƙasan teku. Na ƙara da abin da littattafan kwamfuta ke cewa: ƙofa irin wannan ba kowa bayanta, mantuwa ce ta inji. Ina faɗa ina jin kunya, don masu littattafan ba su taɓa ƙwanƙwasa ko ɗaya ba.

"Gunvor, bakinki bai tsufa ba," in ji shi. "Ƙwanƙwasa mini sau ɗaya kafin ki kashe."

Na ce in ba a amsa ba, injin zai rufe ta nan take. Ya ce ya sani.

Na ƙwanƙwasa: na aika harafi ɗaya ta ƙofar. Rana tsaka ce, ana jin tsuntsaye suna faɗa kan kayan cikin kifi a waje.

Amsa ta zo: an karɓa. Na duba ko wata na'ura ce ta gaji adireshin jirgin. Babu.

Sai ƙofar ta rufe daga can ɓangaren, a tsanake, da sallamar da tsarin ya tanada, irin wadda ba ta fita sai wani ya danna.

Eilif ya sunkuya ya zare wayar wutar tsohuwar kwamfutar da hannunsa.